Hoton da Ya Girgiza

Daren kasuwa, bayan isha'i,
janareton Talle na tari a bayan shago,
wayoyi arba'in sun jeru a kan katako
kamar 'yan awaki a kan nono.
Mu biyar a benci ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa.

Jatau ya fara, kullum shi ke farawa.
Ya miƙo wayarsa mai ido uku a ƙeya:
shamuwa ce a fadamar Baturiya,
ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a naɗe,
kamar mai tunanin bashin da ake bin ta.
"Ku ja da yatsa," in ji shi, "ku ja!
Har gashin wuyanta sai kun ƙirga."
Muka ja. Muka ƙirga. Bai yi ƙarya ba.

Lawandi ya taɓe baki,
wai yawan ido ba shi ne gani ba.
Tasa kyamara ce ta gaske, ta gwanjo,
buhun riɗi biyu ta ci a Sabon Gari,
murfin batirinta ɗaure da kyauro.
Ya nuna mana hannun wani masunci
yana ɗinkin koma da hantsi,
jijiyoyi sun taso kamar saiwar gawo.
Ba fuska. Hannun kaɗai.
Duk da haka Talle ya ce, "Wannan ai Barau ne."

Sai musu ya kaure.
Wace ta fi zuƙo nesa, wace ta fi haƙuri da duhu,
wace ke shan batir kamar raƙumi a bakin rijiya.
Malam Gambo na firamare bai tanka ba,
ya dai juyo mana tasa:
takalman ɗalibai goma sha ɗaya
jere a cikin kwalekwale, shekarar ambaliya,
su kuma masu takalman suna iyo a gefe.

Baba Ilu na kan turminsa yana ɓare goro.
Shi ya yi zamanin fim da labule mai zanen jirgi.
"Talatin da shida ne a cikinta, ba ƙari.
Kafin ka danna sai ka shawarci zuciyarka.
Sati biyu kana jiran wanki daga Haɗeja,
ka biya kuɗin mai kyau, ka biya na wanda ya ƙone.
Ku yanzu dannawa kuke kamar masu kashe sauro."

Aka ce saura ni.
Tawa fuskarta a tsage, ido ɗaya gare ta,
shi ma da hakiya.
Na jinkirta, sannan na miƙa.

Babana ne a kan keke, fartanya a kafaɗa,
ya waiwayo zai ce, "Me kake ɗauka?"
Rabin fuskarsa ya narke cikin gero,
tayar baya ta zama biyu.
Bai ga girbin wannan geron ba.

Jatau ya ce, a hankali, "Hannunka ya motsa."
Lawandi ya ce da tasa ce da ta tsayar da shi cak.

Baba Ilu ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa,
ya daɗe, har goron ya yi ja a hannunsa.
"Shekara ashirin ina bin Mati ya tsaya gaban labulena.
Kullum sai ya ce rana na yi, gona na jira.
Wanda ya tsayar da shi cak
ba Mati ya ɗauka ba.
Yaro, kar ka goge wannan."

Nan man janareto ya ƙare.
Duhu ya haɗiye shamuwa, da musu, da katako.
Sai ɗan hasken tsagaggiyar wayata
a tafin tsoho,
da babana a ciki, yana ta sauri,
har yanzu bai isa gona ba.